Ƙunshiya ta ce shafi na 43, babin yana na 42: ina gizo ke saƙar?

Wata Alhamis da la'asar, lokacin da ɗalibai ke rububin miƙa kundin kammala karatu, wata yarinya 'yar Daura ta shigo shagon da muke aikin buga takardu a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Tana rungume da kwafi huɗu na kundinta, an riga an yi musu bango mai tauri, da sunanta cikin ruwan zinare. Ta ajiye su kan tebur ta ce, "Yaya, don Allah duba mini. Malam ya dawo mini da shi, ya ce lambobin ƙunshiyata ba su dace da na ciki ba." Na buɗe. Babi na Ɗaya yana inda aka ce. Babi na Huɗu, ƙunshiya ta ce shafi na 43, na tarar da shi a 42. Babi na Biyar an ce 61, yana 59. Ta ce, "Wallahi daren da zan kai bugu sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya a kwamfutar ƙawata, daidai suke." Gaskiya ta faɗa, kuma wannan gaskiyar ita ce bakin zaren maganar gaba ɗaya.

Yawancinmu mun ɗauka shafi abu ne tsayayye, kamar shafin littafin da aka riga aka buga. A cikin manhajar rubutu ba haka yake ba. Rubutun da ka yi tamkar hatsi ne a buhu, shafi kuwa kwanon awo ne. Buhun gero ɗaya, in ka auna shi da tiya ka sami adadi, in ka auna da ƙaramin kwano ka sami wani adadin, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙaru ba. Duk lokacin da aka buɗe fayil, manhajar takan sake zuba kalmomin a cikin shafuka, tana la'akari da girman takarda, da faɗin gefe, da irin harafin da aka zaɓa, da tazarar da ke tsakanin layuka. Ɗaya daga cikinsu ya motsa, iyakar kowane shafi ta motsa.

Ita kuma ƙunshiya, ko a Google Docs ko a Word, hoto ce da aka ɗauka a wani lokaci. Sa'ad da ka ce a saka ta, manhajar takan bi kundin ta nemo kanun babi da ƙananan kanu, ta duba shafin da kowanne ya faɗa a wannan daƙiƙar, ta rubuta lambar, shi ke nan ta tsaya. Ka ƙara sakin layi uku a Babi na Biyu bayan nan, ba ruwanta. Lambar da ke ƙasan kowane shafi tana canzawa da kanta, amma ta cikin ƙunshiya sai an ce mata ta sake dubawa. Daga nan rabin matsalar take fitowa, kuma maganinta bai fi daƙiƙa biyar ba. A Google Docs, ka latsa ko'ina cikin ƙunshiyar, za ka ga wata 'yar kibiya mai zagaye ta fito a gefen hagu, ka danna ta. A Word na intanet, ka shiga wurin da aka rubuta References ka nemi Update Table. A Word na kan kwamfuta, ka latsa cikin ƙunshiyar ka danna F9, zai tambaye ka ko lambobi kaɗai za a sabunta ko dukan jadawalin. Ni kullum dukan jadawalin nake zaɓa, domin wanda ya canza rubutu da wuya a ce bai taɓa ko kai ɗaya ba.

Da a ce iyakarta ke nan da ban zauna rubuta wannan ba. Akwai waɗanda za su danna kibiyar nan sau goma lambobin su ƙi daidaita, ko su daidaita a allo su karkace a takarda. A nan ne nake ba mutane shawarar su dakata da gyara, su fara karanta kuskuren, domin yadda lambobin suka karkace shi ke nuna inda ciwon yake.

Ka ɗauki kundin yarinyar nan. Babin farko daidai, na huɗu ya kauce da shafi ɗaya, na biyar da biyu. Tazarar tana ƙaruwa kana ƙara nutsawa ciki. Duk inda ka ga haka, kwanon awon ne aka canza. Da na tambaye ta, sai ta ce a Google Docs ta rubuta, ta sauke shi a matsayin fayil na Word, ta tura wa mai bugu ta WhatsApp. Na buɗe nata na asali, na shiga File, na duba Page setup. Takardar a kan Letter take. Wannan ita ce takardar da ake amfani da ita a Amurka, faɗinta milimita 216, tsawonta 279. Mu a Najeriya A4 muke sa wa a firinta, faɗi 210, tsawo 297. Wato A4 ta fi tsawo da kusan milimita 18, ta kuma ɗan fi tsukewa. A rubutun da aka yi da harafi mai girman 12 da tazara ninki biyu, kamar yadda makarantu da yawa ke bukata, wannan tsawon yakan ci kusan layi biyu a kowane shafi. Layi biyu ba komai ba ne a ido, amma ka tara su cikin shafi sittin, ka cire abin da tsukewar takardar ta ci, ka ga an samu ragin shafi ɗaya ko biyu. Wanda ya buga mata ya ga takardar ba ta dace ba, ya mayar da ita A4, abin da ya kamata ya yi ke nan, sai dai bai koma ya sabunta ƙunshiya ba. Rubutu ya ja baya, lambobi suka tsaya inda suke.

Irin harafi ma yana yin wannan aika-aika, har ya fi takarda. Sabon fayil a Google Docs yana farawa da Arial mai girman 11. Word ya daɗe yana farawa da Calibri tun fitowar Office 2007, sannan daga 2023 Microsoft ta fara maye gurbinsa da Aptos. Malamai kuwa galibi Times New Roman 12 suke nema. Kowanne da faɗin haruffansa. In ka yi rubutu da harafin da babu shi a kwamfutar da za a buɗe fayil ɗin, ba za ta tsaya ta yi maka bayani ba, za ta ɗauko wanda take ganin ya yi kama ta saka. Kalmar da a da ta tsaya a ƙarshen layi sai ta zubo layi na gaba, sakin layi ya ƙaru da layi ɗaya, a hankali a hankali babi ya tsallaka.

Ga ɗaliban Hausa akwai ƙarin wata ƙaya da ta shafe su su kaɗai, kuma ina ganinta kusan kowace shekara. Kafin haruffanmu masu lanƙwasa su samu gurbi a wayoyi da kwamfutoci, mutane da yawa sun dogara da haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, kuma sun yi wa rubutun Hausa hidima ba kaɗan ba. Dabararsu ita ce sun ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan baka-biyu da makamantansu. Har yau akwai masu aiki da su. To, Google Docs ba ya barin mutum ya ɗora nasa harafin daga waje. Ka tura masa kundin da aka rubuta da Rabi'at, sai ka ga kowace ƙ ta koma wata alamar baka, jikin rubutun ya sauya, shafuka sun watse. Wanda ya fara aiki da waɗannan haruffa ya ƙarasa shi a Word na kwamfutar da aka girka su. Wanda kuma yake son yin aiki a intanet ya rubuta ƙ, ɗ, ɓ na ainihi tun daga farko, da allon rubutun Hausa, ya zaɓi harafin da ke ɗauke da su. Haɗa hanyoyin biyu a kundi ɗaya shi ke jawo kwana a gaban kwamfuta.

Wani lokacin kuma tazarar ba ta ƙaruwa. Kowane babi ya kauce da adadi ɗaya, a ce takwas takwas, daga farko har ƙarshe. Wannan ciwon daban ne, a shafukan gaba yake. Kundi yakan fara da shafin take, da tabbatarwa, da sadaukarwa, da godiya, da tsakure, da ita ƙunshiyar kanta. Ƙa'idar makarantu da yawa ita ce waɗannan su ɗauki lambobin Rumawa, i, ii, iii, sannan Babi na Ɗaya ya fara daga 1. Manhaja ba ta san wannan ƙa'idar ba. A wurinta shafin take shi ne na 1, Babi na Ɗaya ya faɗa na 9. Domin ta fahimta sai an raba kundin gida biyu. A Google Docs, ka ajiye alamar rubutu a ƙarshen shafukan gaba, ka shiga Insert, ka je Break, ka zaɓi Section break mai kai wa shafi na gaba. Sai ka latsa ƙasan shafin farko na Babi na Ɗaya, ka cire alamar da ke kan Link to previous domin a yanke alaƙarsa da sashen baya, ka shiga zaɓin lambar shafi ka ce a fara daga 1. Bayan nan ka sabunta ƙunshiya. Lambobin Rumawan su kansu, inda na saba samun su cikin sauƙi shi ne Word na kan kwamfuta, a ƙarƙashin Format Page Numbers, inda ake zaɓa wa kowane sashe salon lambarsa. Shi ya sa duk kundin da makaranta ta tsananta a kan i, ii, iii, can nake ƙarasa shi.

A kula da wani tarko a nan. Wanda ya koyi raba sashe yakan ji daɗinsa ya riƙa saka shi a gaban kowane babi, musamman in akwai babban jadawali da aka kwantar da takardarsa a Babi na Huɗu. Sabon sashe yakan gaji umarnin wanda aka tsaga shi daga jikinsa, har da na farawa daga 1. Sai ka ga ƙunshiya tana cewa Babi na Biyu shafi na 1, Babi na Uku shafi na 1. Ba ta yi kuskure ba, abin da ke ƙasan shafukan ta karanto. Sai an bi kowane sashe bayan na Babi na Ɗaya an ce masa ya ci gaba daga na baya.

Akwai kuma ƙaramin abu da kan kauce wa ido: ƙunshiya ita ma tana cin wuri. In da shafi ɗaya ta cika, ka sabunta ta koma shafi biyu, ta tura duk abin da ke bayanta gaba. Saboda haka nakan sabunta sau biyu a jere, in ga ko lambobin sun tsaya cak.

Idan lambobin sun yi daidai har zuwa wani wuri sannan suka kauce gaba ɗaya daga nan, je ka wurin, akwai abin da ya faru. Sau da yawa gyaran malami ne. Daɗin aiki a intanet shi ne mai duba aikinka yana iya shiga fayil ɗin daga ofishinsa ya yi gyara a yanayin shawara, wanda Google Docs ke kira Suggesting, Word kuma Track Changes. Amma jimlar da ya soke ba ta tafi ba, tana nan da layi a tsakiyarta, tana cin wuri tare da sabuwar da ya rubuta. Ka sabunta ƙunshiya a haka, ka ɗauki hoton kundin da ya kumbura. Ranar da ka amince da gyare-gyaren, rubutu ya tsuke, lambobi su zama tsofaffi. A fara karɓa ko ƙin kowace shawara tukuna. Hotuna da jadawalai ma haka: jadawalin da bai samu isasshen wuri a ƙasan shafi ba yakan yi tsalle zuwa na gaba ya bar fili. Kanun babi kuma an tsara su kada su zauna su kaɗai a layin ƙarshe na shafi, sai sun bi sakin layin da ke ƙarƙashinsu. Wannan ne dalilin da ƙarin layi ɗaya tak zai iya kai wani kai shafi na gaba alhali maƙwabtansa ba su motsa ba.

Yanzu bari in zo kan ɗabi'ar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin ita ce ke mayar da ƙaramin motsi babbar ɓarna. Ɗalibi ya gama Babi na Ɗaya a tsakiyar shafi, yana son Babi na Biyu ya fara a sabo, sai ya danna Enter sau goma sha biyar har ya tura shi. A allonsa ya zauna daram. Amma waɗannan layuka ne na wofi, suna nan, suna tafiya tare da rubutu. A ƙara jimla biyu a sama, taken Babi na Biyu ya sauko tsakiyar shafi. A rage, ya hau ƙasan shafin baya. Abin da ya dace shi ne Ctrl da Enter tare, sau ɗaya. Wannan umarni ne cewa abin da ke biye ya fara a sabon shafi ko me ya faru a sama. In kana son ganin ɓoyayyun layukan nan da idonka, a Word ka danna Ctrl da Shift da 8, a Google Docs ka shiga View ka kunna nuna alamomin da ba sa fita a bugu. Na taɓa kunna wa wani yaro wannan a kundinsa, ya ga alamomin sun jeru reras har rabin shafi, ya kama baki ya ce, "Malam, duk ni na zuba waɗannan?" Muka kwashe su tare, babi bayan babi.

'Yar'uwar wannan ɗabi'a ita ce ƙunshiyar hannu. Mutum ya rubuta "Babi na Ɗaya", ya danna ɗigo har ya kai gefe, ya rubuta lamba. Irin wannan ba kibiyar da za ta fito mata, domin a wurin manhaja rubutu ne kawai kamar kowane. Wasu kuma suna da ƙunshiya ta gaske amma sukan shiga su goge 43 su rubuta 42 da hannu. Na fahimci dalilin, lokaci ya ƙure, malam yana jira. Sai dai duk ranar da wani ya danna sabuntawa, gyaran hannun ya tafi. Haka kuma in ka ga wani kai ya ɓace daga ƙunshiya gaba ɗaya, to kaurara shi kawai aka yi aka ƙara masa girma. Manhaja ba ta gane kai da kaurinsa, sai an sa masa salon Heading 1 ga babi, Heading 2 ga irin su 2.1 da 2.2, Heading 3 ga na ƙasa da su. Ctrl da Alt da 1 yana yin na farko a manhajojin biyu. Ɗalibai kan guje shi saboda yana canza launi da girman rubutun. Wannan ba abin damuwa ba ne: ka gyara kai ɗaya ya koma baƙi, Times New Roman, yadda makaranta ke so, sannan ka ce wa salon ya kwaikwayi wannan, sauran duk za su bi.

Masu rubutu a waya su ma su sani cewa abin da suke gani a allon waya ba shafi ba ne, rubutu ne da aka shimfiɗa daidai faɗin allo, sai an kunna Print layout. Kuma tun 2022 Google Docs yana da tsarin da babu shafuka sam, Pageless, wanda a cikinsa lambar shafi ba ta ma bayyana. Wanda ya tarar lambobinsa sun ɓace dukkansu ya fara leƙa Page setup ya mayar da shi kan Pages.

Abin da na tsaya a kai bayan shekarun da na yi a wannan aiki shi ne, matsalar ta fi zama ta jeri fiye da ta ilimi. Mutane suna yin abubuwan da suka dace amma a baibai: su sabunta ƙunshiya, sannan su canza takarda, su duba lambobi a Google Docs, sannan su buga daga Word, wani ma ya ratsa ta manhajar rubutu ta WPS a waya a tsakani. Kowace manhaja da yadda take auna layi, ko Word na intanet da na kwamfuta ba kullum suke yanke shafi wuri ɗaya ba. A yi rubutu a intanet, a yi gyara da malami a can, wannan alheri ne, ko ba komai in kwamfuta ta lalace ko wuta ta ɗauke aikin yana nan. Amma ƙarasawa a yi ta wuri ɗaya. A daidaita takarda a A4, a daidaita gefe da harafi da tazara, a kammala da gyaran malami, a raba sashe, sai a ƙarshe a sabunta ƙunshiya, kuma nan take, a kan wannan kwamfutar, a fitar da PDF. Shi PDF ba ya sake zuba kalmomi, yadda aka rufe shi haka zai buɗe a Katsina, haka a Daura. Shi za a kai wa mai bugu. In an ga kuskure bayan nan, a koma fayil na asali a gyara, a sake sabuntawa, a fitar da sabon PDF.

Ko a PDF ɗin akwai abin lura guda. Lambar da manhajar karatu ke nunawa a sama, a ce 23 cikin 78, yawanci ƙirgen takardu ce daga bango. Lambar da za ka gwada da ƙunshiya ita ce wadda aka buga a jikin shafin. Mutane da yawa sun tayar da hankalinsu a banza saboda sun gwada ƙunshiya da ƙirgen sama, alhali aikinsu lafiya lau yake.

Ita yarinyar Daura, Allah ya taimake ta, jikin kundin nata ba abin da ya same shi, lambobin ƙasan shafuka suna bin juna daidai. Takardu biyu na ƙunshiya ne kaɗai suka tsufa. Na buɗe fayil ɗin Word da ta tura wa mai bugu, na mayar da takarda A4, na sabunta ƙunshiyar sau biyu. Amma ban yarda da allona ba, tunda ba a kwamfutata aka yi bugun farko ba. Na ce, "Ƙanwata, ɗauki kwafi ɗaya, ni ina karanto kai da lamba, ke kina buɗewa." Muka bi su tun daga 1.1 har manazarta, tana sa yatsa a kan kowace lamba tana cewa "haka ne". Wuri ɗaya muka samu saɓani, wani ƙaramin kai a Babi na Uku da ya tsallaka a nawa bai tsallaka a takarda ba, na daidaita shi da abin da ke takardar tunda ita za a miƙa. Na fitar da PDF na shafuka biyun, muka buga sau huɗu, ta kai wa mai haɗa bango ya zare tsofaffin ya liƙa sababbin. Ana kiran magariba ta fito da su cikin leda, ta tari mai Keke Napep zuwa tashar motar Daura.